Kusurwar da Na Hana Ruwa

Har gobe ina tuna Asabar ɗin da aka zuba kankaren dandamalin shanyar masararmu, a ƙauyenmu da ke kan hanyar Malumfashi. Ni ce sakatariyar ƙungiyar mata, ni aka damƙa wa kula da aikin. In ya tsattsage, damshi da ƙwari za su shiga hatsin gidaje da yawa.

Injiniya Lawal, wanda ya jagoranci aikin, ya ce simintin na haɗe da niƙaƙƙen kashin maƙera, wato dattin da ke fita in an narka ƙarfe. Irinsa yana jinkirin yin ƙwari, ga shi yana tsukewa in yana bushewa. In ya tsuke kafin ya yi ƙarfi, sai ya yage.

Washegari ya zo da inji yana yayyanka layuka a kai. Inna Talatu, babbarmu, ta riƙe haɓa.

"Ɗan nan, jiya muka gama yabon santsinsa, yau kana yi masa zane kamar fuskar jariri?"

"Inna, tsagewa dai sai ya yi. Hanya nake nuna masa."

Ya sa aka rufe shi da jiƙaƙƙun buhunan algarara, ya ce kwana goma kada su bushe. Mu da muka saba komai rana ke gyara mana shi, daga tubali har kuka, abin ya ɗaure mana kai.

Rana ta uku zafin bazara ya tsananta. Na ga Inna Talatu tana haki da bokitin ruwan jiƙa buhunan, tausayi ya kama ni. Na ce a bar jiƙa kusurwar gabas, ai tana samun inuwar darbejiya.

Da aka yaye buhunan, kusurwar nan ta yi tsaga-tsaga kamar busasshen tafki. Sauran kuwa sumul. Injiniya ya durƙusa ya ce, "Hajiya, leƙa cikin layin nan." Can ƙasa na ga tsaga siririya kamar gashi, ta bi yankan tiryan-tiryan, ba ta kauce ba. Na ce, "Tsarki ya tabbata ga Allah!" Abu marar rai, amma ya bi inda aka nuna masa.

Bai yi mini faɗa ba. Cewa ya yi, "Da kin faɗa mini, da na sa an kawo mai kurar ruwa."

Daga ranar na gane, a aikin kankare tausayi ba rage ruwa ba ne, ƙaro hannu ne. Kusurwar tana nan. Duk kaka ni ke durƙusawa da tsinke ina ƙwaƙulo ƙwayoyin masara daga cikinta.