Tabon da ke ƙarƙashin lalle

A shekarun tamanin ni budurwa ce da ta gama makarantar koyon jinya a nan Maiduguri, ina zaune gidan yayana a Moduganari, ina ji da kaina sosai. Mahaifinmu dillalin shanu ne, ya riga ya cika wa abokansa baki cewa 'yarsa ta zama likita. Saura ganawar ɗaukar aiki, kuma kowa ya san ba allura ko ɗaurin ciwo ke kayar da mutane a can ba. Tambayoyin hali da riƙon amana ne: a kawo miki labarin majinyaci, a ce ke me za ki yi.

Ni da wata ƙawata 'yar unguwar Bulabulin muka riƙa shiri tare bayan la'asar, ɗaya ta tambaya, ɗaya ta amsa. Da tambayoyin malamai suka ƙare, sai iyayina ya motsa, na ce bari in kawo na gaske. Lokacin da muke aikin koyo a asibiti, wata mata ta taɓa jan ni gefe ta nuna mini wani tabo a bayan hannunta, wanda ko an tsikara ba ta ji, ta rufe shi da lalle. Gwaji ya nuna farkon kuturta ne, aka ɗora ta kan magani, ta haɗa ni da Allah kada maganar ta fita. Ban faɗa wa ƙawata sunanta ba. Na dai ce a ɗauka mace ce mai kawo shinkafa daga Zabarmari, tana dafawa tana sayarwa a bakin tasha, kullum bayan hannunta ɗaya da lalle. A ganina na sakaya. Na manta cewa a garinmu ana gane mutum da sana'arsa tun kafin a san sunansa.

Ƙawata ta amsa tsaf, ta ce sirrin majinyaci amana ne, ko uwarta ba za ta gaya wa ba. A ranar ta gaya wa uwar tata, wai don su daina sayen abincin. Nan da nan magana ta zaga unguwa, masu ciniki suka watse, mijin matar ya mayar da ita gidan iyayenta. Matar ta je wurin shugabar ma'aikatan jinya tana kuka, ta ce a duk asibitin ni kaɗai na san inda take kafa tukunyarta.

Ranar ganawa na tarar da shugabar cikin masu tambaya. Aka yi mini tambayar sirri, na zuba amsa kamar hadda. Ta bari na kai aya, sannan a hankali ta tambaye ni labarin mai shinkafa. Na yi bayani, har na ambaci ƙawata. Suka ce ai ba ita aka ba amanar ba. Gaskiya suka faɗa, amma har yau abin na ci mini rai: ita aka ɗauka, ni na ƙare a kantin magani ina miƙa ƙwayoyi. Ba ta taɓa neman gafarata ba, balle ta matar.

Ina jan kunnen 'yan baya masu shirin irin wannan jarrabawa: ku ƙirƙiri majinyacinku, kada ku yi gwaji da mai rai, ko da a gaban wadda kuka fi yarda da ita ne. Cire suna ba ya rufa asirin kowa.

Bayan shekaru na haɗu da matar a kasuwa, ta warke sarai. Ta gaishe ni da Barbarci, ta tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya. Da na miƙa mata hannu, sai ta janye nata ta cusa cikin lafaya.