Tashen Ɗorawa

'Yata da ke karatu a Jamus ta turo mini wani bidiyo a waya. Wasan kwaikwayo ne da ba a magana a cikinsa, komai rerawa ake yi, ko ruwa mutum zai nema sai ya ja murya. Opera suke kiransa. Ta ce wanda ya tsara shi wani dattijon Bajamushe ne, yana nan da ransa, tun yana saurayi sana'arsa ke nan, kuma yakan shafe shekaru a kan wasa guda. Wai akwai wasansa da ya taɓo mutanen garinsu, 'yan kallo suka yi ta ficewa ana tsaka da yi. Ban fahimci ko kalma ɗaya ba, kuma gaskiya ihun matar da ke ciki ya dame ni. Amma da aka zo inda maza biyu suka fuskanci juna suna rera faɗa, sai na tuna ni ma na taɓa yin irin wannan tsayuwa.

A ƙauyenmu da ke kusa da Kahu mu ma muna da namu mai tsara wasan waƙa, wato Baffana, ƙanen mahaifina. Bai taɓa hawa dandamali ba, tashe yake tsarawa. Kun san tashe dai, yawancinsa gado ne, abin da kakanni suka yi shi jikoki ke maimaitawa. Shi kuwa kowane azumi da sabonsa. Yana saƙar zana a gindin bango yana ta gunaguni, yana ƙwanƙwasa gwangwani da ɗan yatsa, idan waƙar ta nuna sai ya tara mu yara ya raba mana baki. Ya yi na mai injin niƙa da kwanonsa ba ya cika. Ya yi na takin zamani da aka yi ta jira har gero ya yi kai. Har daga Rurum da Madachi samari kan zo su kwashi waƙoƙinsa. Ƙa'idar kuwa kowa ya san ta: wanda aka yi da shi ya yi dariya, ya ba da sadaka, magana ta wuce.

Mahaifina ba mai dariya ba ne. Bayan rasuwar kakanmu aka raba gona, sai wata ɗorawa da tsohon ya shuka da hannunsa ta faɗo daidai kan iyaka. Da farko matan gidajen biyu tare suke kaɗo ta, su raba kalwa, mu yara mu sha garin har bakinmu ya yi ɗorawa. Wata shekara aka yi 'yar magana a kan rabon, Baba ya tashi ya zagaye itacen da danga ta ɓangarensa. Daga nan gaisuwa ta ɗauke. A masallaci ɗaya suke salla, amma in wannan ya tsaya dama wancan sai ya koma hagu. Kakarmu ta yi kuka ta gaji. Na ji da kunnena Baba yana gaya mata cewa duk ranar da ƙanen nan nasa ya sa shi a waƙa, to ba shi ba shi, ko gawarsa kada ya raka.

Azumin shekarar a tsakiyar bazara ya zo, zafin da ko kaji sai sun buɗe baki. Baffa ya kira ni bayan la'asar, ya ce tashen bana na wa da ƙane ne masu faɗa a kan ɗorawa, kuma ni zan fito a wan. Na ce ina tsoro. Ya ce shi ma yana ji, amma babu wanda ya iya gyaran muryar yayansa kamar ni. Wannan kam gaskiya ne, na sha kwaikwayonsa a bayan idonsa. Muka yi kwanaki muna koyo a bayan rumbu. In Baba ya kira ni sai na zabura, ina zaton ya ji labari.

Ranar da za a yi, bayan an sha ruwa, dattawan unguwa na zaune a ƙofar zaurenmu, muka iso. An manna mini gemun auduga, ɗan Baffa ya fito a ƙanen, wani dogon yaro ya riƙe reshe a ka, shi ne ɗorawar. Na gyara murya irin ta Baba, mutane suka kwashe da dariya, sai kuma suka tuna wanda ke zaune a tsakiyarsu, dariyar ta mutu. Na rera cewa inuwar tawa ce, ɗan Baffa ya amsa cewa saiwar tasa ce. Idona a ƙasa, ina ganin yatsun ƙafar Baba sun lanƙwashe a kan tabarma.

Akwai abin da Baffa bai koya mana ba. Muna cikin ja-in-ja sai muka ji murya daga bayan taro, shi da kansa, yana rerawa da irin karin da kakanmu kan yi in yana kiran 'ya'yansa su bar aiki su zo inuwa su ci abinci. Ya kira su biyun, shi da Baba, da sunayen yarinta, ya ce rana ta yi, su taho. Kakarmu da ke bayan ƙyaure ta fashe da kuka.

Baba ya miƙe ya shiga gida. Na tabbata bulala zai ɗauko, kuma da ita ce da na fi samun sauƙi. Sai ga shi da kwanon gero cike, ya juye mana a buhu, ya dube ni.

"Ka iya muryata," in ji shi. Bai ko dubi inda ƙanensa yake ba.

Washegari da hantsi muka jiyo sara daga gona. Baba ne da gatari a gindin ɗorawar, da azumi a bakinsa, gumi ya jiƙe shi sharkaf. Ɗorawa ba itacen da mutum ɗaya zai kayar a wannan zafi ba ne, amma wa zai tare shi? Muka tsaya daga nesa. Can sai ga Baffa. Ya daɗe a tsaye yana kallon saran da ya riga ya yi zurfi, itacen ba zai ƙara rayuwa ba. Baba ya fara tangaɗi. Baffa ya tuɓe rigarsa, ya miƙa hannu.

"Kawo, Yaya. In ka ci gaba ta nan, kanka za ta faɗo."

Baba ya ba shi gatarin. Suka yi ta karɓa-karɓa har ta faɗi wajen azahar, suka zauna a kan gungumen suna haki, babu inuwar da za su shiga. Daga ranar gaisuwa ta dawo, kuma da Baba ya rasu Baffa ne ya yi masa wanka. Sai dai bai sake tsara tashe ba. Samari sun yi ta zarya, yakan ce musu wanda waƙarsa ta kayar da itacen ubansa ya gama waƙa. Na ji haushin wannan magana shekara da shekaru, har yau ma ban gama hucewa ba, domin a ganina ya biya abin da ba shi kaɗai ya ci ba.

Yanzu yaran unguwarmu in sun fito tashe, abin da suka gani a waya suke maimaitawa, kuma ba sa taɓa kowa, kowa ma ba ya jin tsoronsu. Nakan ba su sadaka in yi musu dariyar da suke nema. Baffa yana nan, ya tsufa ƙwarai, idonsa ya tafi. In na je gaishe shi nakan tarar da ɗan yatsansa yana ƙwanƙwasa gefen gado, leɓensa na motsi. Na taɓa tambayarsa ko sabuwa ce. Ya ce sabuwa ce, kuma da ita za a binne shi.