Wuƙar Layyar Liman

A shekarar da sojoji suka miƙa mulki ga farar hula ni ma na tuɓe kaki. Na fito da igiya biyu ta kofur da ciwon gwiwa, na dawo gidanmu na Gyaɗi-Gyaɗi. Mutanen unguwa suka samu abin tsokana, wai sun ji an ce soja ya koma bariki, ga nasu ya ɓace hanya ya faɗo gida.

Gidanmu gidan ƙira ne tun kakanni. Yayana, wanda ya ba ni shekara goma sha ɗaya, shi ya riƙe maƙerar tun rasuwar mahaifinmu. 'Yar rumfa ce a jikin katangar gida, an kewaye ta da tsofaffin buhuna da suka yi baƙi ƙirin da hayaƙi, ciki duhu ko da rana tsaka. Ga uwar maƙera a kafe a ƙasa, ga zuga-zugin fatar akuya, ga masaba da awartaki. A kusurwa kuma akwai wata tsohuwar kwatarniya cike da ruwa mai kauri, launinsa kamar na kwata. Yaya yana ƙera fartanya da lauje da gatari, amma da wuƙa aka san shi. Daga Tarauni har Hotoro, mahauci in ya ga ɗigo uku a gindin wuƙa ba ya tambayar wa ya ƙera ta.

Ina da shekara goma sha bakwai na bar maƙerar, kuma abin da na iya a lokacin bai wuce zuga wuta da riƙe awartaki ba. Amma na dawo ina jin kaina, na ga duniya, na taɓa gyaran manyan motoci. Yaya ya karɓe ni hannu biyu. Ya ce, "Kofur, zauna ka yi mini zuga, hannu zai tuna." Na zauna, amma bakina bai zauna ba. Kullum da abin da zan kushe: rumfar ta yi duhu, kayan aiki a warwatse, wannan ruwan kuma ko kare ba zai sha ba. Shi dai sai ya yi murmushi ya ci gaba da dukan ƙarfensa.

Da haka na fara koyon abin da na tsere wa. Yadda ake saro guntun sifirin mota, a binne shi cikin gawayin ƙirya har ya yi ja. Yadda ake miƙar da shi, a fitar da tsini, a fitar da baki, ana juya shi bayan kowane bugu don kada ya karkace. Duk wannan ya sakar mini. Abu ɗaya ne bai taɓa bari na yi ba, wato ba wa wuƙa ruwa, a tsoma ta da zafinta don bakinta ya yi ƙarfi. In an zo nan sai ya karɓi awartaki, ya matso da fuskarsa, ya ce in sassauta zuga. Ni kuwa haushi nake ji. Me ke cikin tsoma ƙarfe a ruwa?

Saura kwana uku Babbar Sallah, limamin masallacinmu ya zo da kansa. Dattijo ne, abokin mahaifinmu, hannunsa ya fara rawa. Ya ce tsohuwar wuƙarsa ta cinye, yana son sabuwa mai kaifi, don ba ya son ya wahalar da dabba. Yaya ya ce, "An gama, Malam." Ranar ya ƙera ta, doguwa, siririya, ya buga mata ɗigo uku, saura ba ta ruwa kawai. Washegari da sassafe aka aiko wa Yaya da rasuwar surukinsa a Hotoro. Yana fita ya ce mini, "Ka bar wuƙar nan, in na dawo na ƙarasa."

Yana ba da baya na naɗe hannun riga. Na ce yau maƙerar nan za ta ga tsari. Na yaye buhunan nan kaf, haske ya shigo tar. Na jera kayan aiki daga babba zuwa ƙarami kamar za a zo duba bariki. Na kinkimi kwatarniya na kifar da ruwan a lungu, na wanke ta tas, na cika ta da ruwan randa mai sanyi. Da na tsaya na duba aikina sai na ji daɗi ya kama ni, idona kuma ya faɗa kan wuƙar Liman. Na ce to, bari in hutar da Yaya.

Na sa ta a wuta na yi ta zuga. A cikin hasken rana ban ga ta yi jan da nake gani a hannun Yaya ba, sai na ƙara zuga, na kuma ƙarawa. Da na gaji na zaro ta na cusa cikin ruwan sanyi, ta yi ƙara. Na goge ta da magagari, na wasa ta, na sa mata ƙota. Wallahi ta yi kyau, har gashin hannuna na aske da ita. Ban jira ba, na naɗe ta a takarda na kai wa Liman da kaina, na ce in ji Yaya.

Sai daga baya na san abin da na yi. Duhun rumfar nan shi ne ma'aunin Yaya, a cikinsa yake gane launin ƙarfe, ya san lokacin da zafi ya kai. A haske, kafin ido ya ga ja, ƙarfe ya wuce inda ake so. Tsohon ruwan kuwa, Yaya ya san halinsa, ba ya fizgar ƙarfe kamar ruwan randa. Bayan an tsoma kuma sai an sake ɗumama wuƙar a hankali a gefen wuta, in ba haka ba za ta yi kaifi amma ta zama kamar kwalba. Ni da nake zaune kusa da shi wata da watanni ban lura ba, ina can ina lissafa abin da zan gyara.

Yaya ya dawo jajibere da la'asar. Ya tsaya a bakin rumfa ya dubi inda buhuna suke a da, ya leƙa kwatarniya. Ya ce, "Ina wuƙar?" Na ce na ƙarasa na kai. Ya tambaye ni ko na mayar da ita wuta bayan ruwa. A nan na yi ƙaryar da ta fi ɓarnar muni, don ban ma gane tambayar ba, kuma girman kai ya hana ni cewa ban gane ba. Na ce, "Ƙwarai kuwa." Ya dube ni ɗan jim, ya ce to, madalla. Da na faɗi gaskiya, a yammacin nan zai je ya karɓo ta.

Ranar Sallah bayan an sauko daga idi muka taru a ƙofar gidan Liman, don a unguwarmu ba mai yanka sai ya yanka. Aka kayar da ragon, Liman ya yi bisimilla ya ɗora wuƙa. Ragon ya fizge kai, ƙaho ya bugi ruwan wuƙar, sai ji muka yi ƙas. Ta karye biyu. Liman ya tsaya da ƙota a hannu, rago yana shure-shure da rabin yanka, jini ya ɓata farar rigarsa. Wani mahauci da ke wurin ya yi wuf ya miƙa masa tasa, aka ƙarasa. Minti ɗaya bai cika ba, amma kowa ya gani.

Mahaucin ya tsinci guntun, ya juya shi, ya ga ɗigo uku. Ya ɗago ya kalli Yaya. Ina tsaye a gefen Yaya, kafaɗata tana gogar tasa. Yaya ya tako gaba ya durƙusa. Ya ce, "Malam, a gafarce ni. Ido ne ya fara gajiya, ban ga wuta daidai ba." Liman ya ce, "Ba komai, girma ne, duk muna kan hanya." Ni kuwa, mai igiya biyu, na sunkuyar da kai ina kallon takalmina.

Magana ba ta kwana. Kafin a cinye naman Sallah an san cewa idon maƙerin Gyaɗi-Gyaɗi ya tafi. Mahauta suka koma wurin wani maƙeri a kasuwar Tarauni. Sukan wuce ta gabanmu su gaishe da Yaya da ladabi, wuƙaƙe a naɗe a hammata, shi kuma ya amsa har da tambayar iyali. Aka bar masa fartanya da lauje. Mutumin da ya yi shekara arba'in ba a taɓa dawo masa da wuƙa ba.

Na ɗinka buhunan na mayar da hannuna, Yaya bai ce sannu ba, bai ce don me ba. Wannan shirun ya fi mini bulala ciwo. Bayan kamar wata biyu, muna zaune yana gyara bakin garma, na ce, "Yaya, zan je wurin Malam in gaya masa ni ne."

Bai ɗago ba. Ya ce, "Ka je ka ce me? Ni saura nawa? Kai za a bar wa wurin nan. In dole sai sunan ɗaya ya ɓaci, gara na mai tafiya. Zuga."

Na kama zuga-zugi na ci gaba da zuga. Ban je ba, ranar ko wata rana, har Liman ya rasu, har Yaya ya bi shi. Mutane suna kawo mini wuƙa yanzu, wasu har suna cewa hannuna ya fi nasa. Amma ba ƙaryar da na yi masa ce take hana ni sakewa ba, ba kuma shirun da na yi a ƙofar gidan Liman ba. Abin da yake hana ni shi ne, lokacin da Yaya ya ce kada in je, daɗi na ji.