Na Zaɓi Kwikwiyo Kamar Ragon Layya

Ku matso kusa, 'yan uwa, ku ba ni aron kunnuwanku, yau kaina zan tona wa asiri. Lokacin da abin nan ya faru, ni mace ce mai zaman gida a unguwar Kanvili, ina dama koko ina toya ƙosai a ƙofar gida. Boko kuwa aji uku na yi na gudo. Amma akwai abu ɗaya da nake taƙama da shi, wato idona a kan dabba. Mahaifina, Allah Ya ji ƙansa, dillalin tumaki ne, a gabansa na tashi ina kallon yadda yake matsa gadon bayan rago, ya duba haƙori, ya ɗaga shi ya ji nauyi. Shi ya sa duk Layya maƙwabta sai sun aiko a kira ni kafin su sayi rago. In na ce a saya, an saya. In na taɓe baki, mai rago ya kama gabansa. Abin ya shiga kaina ƙwarai.

Maigidana ya daɗe yana gadi a Akra, a gidan wasu masu kiwon karnukan gasa, irin waɗanda ake jerawa a fili alƙali ya duba tsayuwarsu da tafiyarsu da gashinsu. Tun da ya dawo gida bakinsa bai huta da labarin ba. Da ɓarayi suka kwashe mana awaki biyu sai ya samu hujja, ya ce a samo kare mai gadi, amma ɗan asali, irin mai baƙin baya da kunnuwa a tsaye, wanda zai iya kaiwa gasar da masu karnuka ke haɗawa a garin nan. Ya ji labarin wata mata a unguwar Kaladan mai kiwon irinsu. Ana gobe zai tafi ya faɗi a kan babur ya gurɗe ƙafa. Ni kuwa na ɗaura ɗankwali na ce ya kwanta abinsa, wadda ta zaɓi raguna ba a koya mata zaɓen kwikwiyo.

Matar Kaladan ta karɓe ni da fara'a, amma kafin in shiga wajen karnukan sai ta sa na wanke hannu, na taka wani ruwan magani. Ta nuna mini uwar 'yan kwikwiyon, ta fito da katin allurarta, sannan ta hau ni da tambaya. Wai gidanmu da katanga? Akwai inuwa? Wa zai riƙa fita da shi yawo? Na ce mata Hajiya, kare na zo saye, ba auren 'yarki na zo nema ba. Ta yi dariya ta ce ai kusan ɗaya ne, kuma ko yau na amsa duka sai na jira mako uku, don ba a yaye su ba. Na fito raina a ɓace. A cikin yalo-yalo, keken hayan nan mai ƙafa uku, ina ta mita, sai direban ya ce Mma, me ya yi zafi, ga wani mutum a Dabokpa da ba ya tambayar kowa komai.

Gaskiyar direba, mutumin bai tambaye ni komai ba. Ya fito da kwali, 'yan kwikwiyo huɗu a ciki, kowanne da baƙin baya sumul. Na ce ina uwar, ya ce ta yi tafiya. Kare fa, wai ta yi tafiya, kuma na yarda! Uban kuwa a waya ya nuna mini hotonsa. Nan na naɗe hannun riga na yi aikin da na gada: na matsa baya, na duba haƙori, na ɗaga na ji nauyi, na ware wanda ya fi kowa tumbi. Mutumin ya riƙa rantsuwa bai taɓa ganin mai ido irina ba. Na dawo gida ina tafiya kamar wadda ta ci zaɓe, na faɗa wa duk layinmu cewa na ɗauko zakaran gasa. Maigida bai ji daɗin canjin wurin sayen ba. Muka sa wa kwikwiyon suna Barsu, saboda masu gunagunin mun kawo kare gida, ko da yake can bayan gida yake da kwanonsa, nesa da wurin salla.

Tumbin nan da na yaba, likitan dabbobi ya ce tsutsa ce. Na haɗiye wannan. Kunnuwan da ake jira su miƙe, ɗaya ya tashi, ɗaya ya ce shi bai ga dalili ba. Wutsiya ta naɗe kamar ta karen kowane lungu. Duk wannan da sauƙi. Ranar da na yi masa wanka na farko, ruwan ya zubo baƙi ƙirin, sai ga Barsu ja kamar ƙasar hanyar ƙauye. Ashe yombo aka shafa masa, baƙin nan da muke rina furfura da shi. Na tsaya da soso a hannu, ba abin da nake gani sai bakin matan layinmu. 'Yar dillali, an sayar mata da kare mai rini! A nan ne na yi kuskuren da ya fi na farko. Maimakon in kira maigida ya gani, sai na shiga ɗaki na ɗauko yombona. Wata bakwai ina rina kare duk bayan mako biyu, in maigida ya tafi masallaci.

Shi kuwa bawan Allah, da ƙafa ta warke, kullum yana koya wa Barsu zama, kwanciya, da tafiya a gefen ƙafarsa. Ranar gasa na sa atamfata mai kyau, mata uku daga layinmu suka bi mu don su ga zakaran. Muna shiga fili na hango alƙaliya. Matar Kaladan ce. Ta zo kan Barsu, ta shafa bayansa sau ɗaya, ta juya tafin hannunta, ta dube shi, ta dube ni. Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige. Ba ta ɗaga murya ba, ta ce Mma, a wanke shi yau, wannan abin yana cin fatar dabba, ga ƙuraje nan sun fara. Ta ƙara da cewa karen gida ba abin kunya ba ne, akwai rukunin biyayya da kowane kare ke shiga. Amma matan layinmu sun riga sun ga hannun, ɗaya har ta zauna a ƙasa don dariya.

A hanya na fara ba maigida haƙuri, ya ce in bari, shi ya daɗe da sani. Wai yombo yana ta ƙarewa a ɗaki, furfurata kuwa tana nan fari fat, to wa ake rinawa? Ya ce jira yake in faɗa da bakina, amma da ya san abin na cutar da fatar kare da bai yi shiru ba, don haka laifin namu ne mu biyu. Wannan maganar ta fi dariyar mata yi mini ciwo, don dabbar da ba ta da baki ita ta biya bashin girman kaina.

Barsu ya warke. Da gasar ta zagayo, ya shiga da jan gashinsa da kunnensa ɗaya a kwance, ya dawo da ƙyallen yabo na biyayya, yana nan rataye a falo. Akuya ko ɗaya ba ta sake ɓata ba. Ni ma ana kirana zaɓen rago har yau, sai dai duk gidan da na shiga sai an ajiye bokitin ruwa kusa da ragon, wai in fara wankewa tukuna. Ina dariya tare da su, na ci na biya.

Don haka duk mai son shiga wannan harka, ya fara zaɓen mai kiwo kafin ya zaɓi kwikwiyo. Wanda ya dame ka da tambaya, ya nuna maka uwa da katin allura, ya sa ka jira, shi ne mai ƙaunarka. Wanda ya miƙo maka kwali yana yabon idonka, ka duba hannunka bayan ka shafa. In kuma an riga an cuce ka, faɗi da wuri, kunyar kwana ɗaya ta fi ta wata bakwai sauƙi. Kai da kake dariyata yanzu, tsakaninka da Allah, wane kare kake rinawa a bayan gidanka?