Kwana Goma Kai a Ƙasa

Shekara talatin da huɗu Mai Agogo ya yi a wani ɗan akurkin shago bakin titi, gilashi maƙale a idon dama. Na hagun ya mutu tun yana ƙarami, da ido ɗaya ya riƙe gida. Ga kafiyar tsiya: in ya ji agogo na ƙarya, ko a gidan surukai ne sai ya taɓa.

Wata safiya ya ga kamar an ja baƙin labule ta gefen idon. Sati uku yana ɗiga magani. Da aka kai shi asibiti likita ta yi faɗa sosai, ta ce fatar da ke gani can bayan ido ta ɓalle, har ta tattare. Awa uku ana aiki, aka miƙe ta, aka cika idon da wani mai don ya danne ta.

"Baba, kwana goma fuskarka na kallon ƙasa," in ji likita. "Ka ɗaga kai man ya kauce, to fa shi ke nan."

Matarsa ta kasa ta tsare. A kife yake ci, a kife yake kwana, masu dubiya ma da ƙafafunsu yake gaisawa.

Rana ta shida ta fita shanya. Rediyon maƙwabta ya yi nisa da labarai kafin agogon bangon falo ya buga sha ɗaya. Minti huɗu cur agogon ke baya! Abin ya tsaya masa a rai. Ta dawo ta tarar da shi tsaye bisa kujera, fuska sama, yana laluben allurar agogon da yatsa.

"Malam! Ka kashe mu!"

"Ko minti goma fa ban yi ba."

A asibiti likita ta haska idon, ta sake haskawa. Tsoro ya kama shi.

"Gefen ya ɗaga," ta ce. "Jibi zan sake aikin. Amma ka ji ni da kyau, idon nan ba zai ɗauki na uku ba."

A mota ya kifa kai bisa cinya. Matar ta kau da kai gefe don haushi. Sai da suka shigo layinsu ya lalubo hannunta.

"Maman yara, in mun shiga ki tsayar da agogon nan. Wallahi ba zan iya jin sa in ƙyale ba."