Ƙafafun Gadon da Malam Bai Gama Ba

Shekara tara ke nan da rasuwar maigidana, kuma har yau akwai abin da nake jin haushinsa a kai. Allah ya jiƙan Malam, amma ya tafi ya bar ni da ƙafafun gado huɗu da bai shafa wa banish, man nan mai sa katako sheƙi, ba.

Fere ƙafafun gado, sana'arsa ke nan a Gaya. Ya ɗaura katako a inji yana juyawa, ya fere shi har ya fito da wuya da ƙugu kamar tulu, kafintoci su zo daga Ajingi da Balan su saya. Ferewar ba ta ɗaukar masa lokaci. Abin da ke cin ransa shi ne bayan an sauke: ɗan baƙin da ƙarfe ya bari, ko inda wata ƙafa ta gogi 'yar'uwarta. Sai ya jiƙa tsumma ya ɗora a wurin, ya danna dutsen gugata a kai har katakon ya taso, ya bari ya bushe, sannan ya bi da samfefa mai laushi yadda jijiyar itacen ta kwanta. Ya fito da ita hasken hantsi ya karkata, ya girgiza kai ya koma ciki.

Nawa ƙafafun na maɗaci ne, ya fere su shekarar da muka tare a sabon gida. Kullum na yi magana sai ya ce saura kaɗan. Ran nan na gaji na tambaye shi wa zai leƙa ƙarƙashin gado. Ya ce, "Ni na san yana nan. Banish ba ya ɓoye tabo, kulle shi yake yi a ciki." Haka na ci gaba da kwana a gadon ƙarfe har ciwon ajali ya kwantar da shi.

Bayan na fita takaba na kai ƙafafun Ajingi, wurin ɗan wani tsohon abokin cinikinsa, ya haɗa mini gado. A hanya tayar da ke bayan adaidaita ta goga wa ɗaya baƙi. Na nuna masa, na zayyana masa yadda Malam yake yi, tun daga tsumma har samfefa. Ya ce, "Kar ki damu, Mama." Ranar ya feshe su da banish. Da aka kawo gadon, ga baƙin nan kwance a ƙarƙashin sheƙi. Na koma, ya ce sai an kankare duka, kuma yanzu ba mai wannan wahalar.

Nakan tambayi kaina me Malam zai ce da gadajen yanzu, na allon garin katako da ke kumbura in damina ta kama. Wataƙila da tuni ya rufe shago, don ko a lokacinsa kafintoci na mitar jinkirinsa, ni ma ina taya su.

Injin an sayar, shagon ya koma na cajin waya. Abin da ya bar mini idonsa ne, kuma ban roƙa ba. Watan jiya a jeren 'yar ƙanwata, mata na ta yaba kayan ɗaki, ni kuwa na durƙusa ina shafa ƙafar gado, na ko sami tabo biyu. Sai da ƙanwar tawa ta taɓo ni ta ce, "Yaya, don Allah miƙe, dangin ango na kallo."