Bindigar Aƙilu Maƙeri

Duk wanda ya saba bin layin nan mai itatuwan mangwaro a Nassarawa GRA ya san Malam Inuwa mai gadi, dogo, siriri, mai farin gemu. Daga wani ƙauye na bayan Ringim ya zo, ya tsufa a ƙofar gidan Alhaji Kabiru. Mutum ne mai sanyi, ka zage shi ma sai ya ce Allah ya shirya. Abu ɗaya ne ba a taɓa masa: sunan mahaifinsa, Aƙilu Maƙeri.

Da aka zo rabon gado, ƙannensa suka ɗauki gona, shi kuwa bindigar farautar da tsohon ya ƙera da hannunsa ya roƙa. A gidansu ba a sayar da irin wannan, kuma ba a barin ta da ƙishin mai. Ya naɗo ta a tabarma ya kawo ɗakin gadi. Kowace Juma'a, in ya dawo masallaci, sai ya zauna ya goge ta da man gyaɗa, ya mayar ƙarƙashin gado. Bai taɓa harba ta a Kano ba. Lasisi kuwa, wallahi ko a mafarki bai san ana yi wa gado lasisi ba.

Ranar da aka yi sata a maƙwabta, 'yan sanda suka bi ɗakunan masu gadi da bincike, suka fito da ita. Sai kotu, da tuhumar mallakar haramtaccen makami.

Barista Nafisa, 'yar gidan, wadda ya sha riƙe wa hannu ya tsallakar da ita titi tana ƙarama, ita ta tsaya masa. Ta ce, "Baba Inuwa, ba su gwada ta ba, ba su da shaidar tana tashi. Don Allah kada ka taimake su."

Ya ce to. Amma da lauyan gwamnati ya ɗaga bindigar da yatsu biyu yana murmushi, ya ce, "Malam, wannan ruɓaɓɓen ƙarfen ai ko kaza ba zai kashe ba, ko?" sai jinin maƙera ya motsa.

"Ranka ya daɗe, ɗura mata albarushi ka gani. Aikin Aƙilu bai taɓa ƙin wuta ba."

Kai, Inuwa! Nafisa ta dafe kai. Da bakinsa ya rufe kansa, aka yanke masa ɗauri.

Damina biyu ta wuce shi a gidan yari. Matarsa Mairo ta bar gidan hayarsu na Giginyu ta koma ƙauye, idonsa na hagu ya fara hazo. Nafisa ba ta huta ba, ta ɗaukaka ƙara. Shi kuwa duk zuwan da za ta yi, kafin ya tambayi shari'a sai ya ce, "'Yata, akwai mai shafa wa bindigar mai kuwa?" Abin yana ba ta haushi, yana ba ta tausayi.

Alƙalan ɗaukaka ƙara suka duba shari'ar, suka ce alfaharin ɗa da aikin ubansa ba gwajin masana ba ne, kuma babu wanda ya tabbatar ƙarfen nan yana harbi. Suka soke hukuncin, suka sallame shi.

Da aka kammala komai, Nafisa ta raka shi ɗakin ajiyar kayan shaida. Ma'ajin ya jawo bindigar daga bayan wasu tsofaffin tayoyi. Tsatsa ta cinye bakin, gara ta rarake ƙotar. Ya ce, "Ɗauki abinka, Baba. Kotu ma ta ce ba bindiga ba ce."

Inuwa ya karɓa da hannu biyu. Ya sa yatsa ya ja kunamar, ta ƙi motsi. Ya sake ja. Baƙin ciki ya kama shi, irin wanda bai ji ba ko ranar da aka ɗaure shi.

Nafisa ta ce a hankali, "Baba, mun yi nasara fa."

Ya ce, "Allah ya yi miki albarka, 'yata."

Ya koma bakin ƙofarsa. Har yau, in aka sauko Juma'a, za ka gan shi a gindin mangwaro da tsumma da 'yar kwalbar man gyaɗa. Direbobin layin, masu tsokanar kowa, shi kam ba sa tsokanarsa. In baƙo ya tambaya mene ne wannan, sai ya ce, "Tsohon ƙarfe ne." Daga nan sai ya sunkuyar da kai ya ci gaba da gogewa.